Abin Riƙewa a Doron Rufi

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun safe nake jin ƙunƙuninku a kan fayif ɗin ƙarfen da na ce a hau da shi a ɗaure a doron rufi. Wai ɓata kwano ne, wai babu kafintan da ke yin haka a duk Jimeta da Yola, wai tsufa ya fara taɓa Bappa Hammadu. Na ji ku sarai, guduma ba ta gama kashe mini kunne ba. A ganinku aikin rufi hawa ne, a buga ƙusa, a sauko a karkaɗe wando. To ku zauna a kan katakon nan in gaya muku inda fayif ɗin ya samo asali. Ni ba zan zauna ba, ba na iya zama in ina wannan magana.

Na koyi aiki a hannun Oga Yakubu, wani mutumin wajen Numan da ke da rumfa a Dubeli, tun ba a haifi ko ɗayanku ba. Shekarata ta farko ban taka tsani ba. Miƙar da tsofaffin ƙusoshi nake yi a kan dutse, daga safe har la'asar, har yatsuna suka koma baƙi. Sai a shekara ta biyu ya ba ni guduma mai ƙaho, da almakashin kwano, da igiyar jan layi, ya ce duk wanda na yar daga sama in bi shi. Dokokinsa ba su da yawa. Ƙusa mai hula a tudun kwano ake buga ta, ba a kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Ƙafa a kan layin ƙusa take takawa, don nan ne katako yake a ƙasa. Ba a hawa da raɓa saboda santsi, ba a kuma kaiwa azahar a sama, don kwanon Yola in rana ta take yana iya cinye silifa. Babbar dokar kuwa ita ce gwajin ruwa. Ba a miƙa wa mutum rufi sai an kwarara ruwa a kai, shi kuma mai wurin yana tsaye a cikin ɗakin yana kallon sama.

Aikin da ya dasa mini wannan doka a kai wani ɗaki ne a Luggere, na wata dattijuwa da ake kira Goggo Adama. Oga ya bar ni in ƙarasa gefe guda ni kaɗai, ya tafi kasuwar katako. Rana ta yi zafi, ina sauri, sai na buga ƙusa uku a kwari, na ce wa zai gani. Da ya dawo bai tambaye ni komai ba. Ya kira mai ruwa, ya hau da bokiti, ya ce ni da Goggo mu shiga ciki. Bokitin farko, sai ga ɗigo uku a jere a kan katifarta.

Goggo ta dube ni ta ce, "Hammadu, rufi ka yi mini ko rariya?"

Oga ya sauko bai ɗaga murya ba. Ya ce mini, "Tsaya nan daidai ƙarƙashin ɗigon." Ya koma sama ya juye jarka biyu, ni ina tsaye ruwa yana bin ƙeyata, mutanen gida sun cika ƙofa suna dariya. Tun daga ranar ban taɓa sallamar rufi ba tare da gwaji ba, ko na banɗaki ne. Ina alfahari da haka, har gori nake yi wa sauran kafintoci. Masu gida ma sun san ni da shi. Akwai wani Alhaji a cikin Yola da ya sayo kwano siriri kamar gwangwanin madara, ya ce in bar gwajin don ya san abin da ya saya. Na tattara kayana na ce ya nemi wani kafintan.

Shekarun da masu bindiga suka tayar da arewacin jihar nan, mutane suka yi ta kwararowa Jimeta, ban taɓa ganin aiki irin na lokacin ba. Mutum ya zo da tabarma da yara biyar, ba shi da halin kama haya, sai ya gangara can kwari kusa da kogi inda babu mai son fili, ya tayar da ɗan bango ya ce a rufa masa. Da tsohon kwano da katakon da aka ciro daga wani ginin na rufe rabin wannan unguwa ta bakin kogi. Daga wannan in faɗa wancan, wani lokaci ɗaki biyu a yini. Amma ko a can ban bar gwaji ba, ko da tulu ɗaya ne sai na zuba.

A lokacin ne aka kira ni gyara a wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira. Na hau, na ɗora ƙusa, na buga sau uku da ƙarfi a kan kwano. Kafin in ɗaga guduma karo na huɗu, yara sun zube ƙarƙashin benci, wata mata ta suri jaririnta ta yi waje ko ɗankwali babu. Ƙarar bindiga suka ji. Na ajiye gudumar na sauko. Daga nan na yi wa kaina doka, ba na buga ƙusa a makaranta in yara suna ciki. Asabar da Lahadi nake yi, ko bayan an tashi. Sai na ɗauka na gama sanin yara da abin da ke firgita su, har ina koya wa wasu.

Shekarar ambaliya ita ce muguwar shekarata, duk da aiki ya yi yawa har ina ƙin wani. An wayi gari ana ruwa, ya ƙi ɗaukewa, wajen hantsi ruwan kogi ya haɗu da na sama ya shigo unguwannin kwari gaba ɗaya. A rumfata bai wuce gwiwa ba, katakona dai ya tashi ya tafi yawo. A bakin kogi kuwa ya kai saman taga. Mutane suka hau rufi, su da yara da awaki, suna jiran kwalekwale. Da ruwan ya ja na zagaya na ga rufin da na yi da hannuna duk ya lotsa da sawun mutane. An rasa rayuka, har da yara. Ba zan ce muku nawa ba, ban ƙidaya ba.

Da damina ta gaba ta kusa, iskar farko ta yaye rufin wani aji a wata ƙaramar firamare a wajen Demsawo. Shugabar makarantar, Madam Rahila, ta aiko a kira ni. Gajeriyar mace ce mai saurin magana, kullum hannunta da farin alli. Ta ce yawancin 'yan aji shida daga bakin kogi aka kawo mata su, don tasu makarantar ruwa ya cinye, kuma saura 'yan makonni su rubuta jarrabawar shiga sakandare. A ƙarƙashin darbejiya suke karatu, tana son ajin da gaggawa.

Na ce, "Madam, ni ba na buga ƙusa yara suna nan. Na san halin yaran da suka ga tashin hankali." Har da ɗaga kafaɗa na faɗa.

Na yi aikin Asabar da Lahadi na gama tsaf, sai dai ba a kai ga saka silin ba, kwano ne tsirara a kan katako. Saura gwaji, gwaji kuwa sai mai wuri yana nan. Litinin da safe na zo da mai ruwa da kurarsa. Na tarar Madam ta riga ta mayar da 'yan aji shida ciki, malaminsu yana rubutu a allo.

Ta ce, "Bappa, yi gwajin naka yanzu, ina da mitin ƙarfe goma. Yaran ma su zama shaida, in ya zuba a kansu ai za su faɗa."

Muka yi dariya, ni da ita. Sama tas take, babu ko alamar hadari.

Na hau, mai ruwa ya miƙo mini bokiti cike. Kun san yadda nake yi, ba tsiyayawa nake ba, watsawa nake da ƙarfi daga doro yadda ruwan sama na gaske yake dukan kwano. Na watsa na farko, na bi shi da na biyu. A waje ƙarar ba wani abu ba ce. A ciki kuwa, ƙarƙashin kwanon da babu silin, sai ka ce sama ce ta tsage.

Ihun da ya taso daga ƙarƙashin ƙafata ban taɓa jin irinsa ba. Na saki bokitin ya gangara, ƙararsa ta ƙara dagula su. Kafin in kai ƙasa sun cushe a ƙofa, wasu sun bi ta taga. Wani yaro ya fasa leɓe a jikin ƙyaure, wata ta jiƙe siket ɗinta tana tsaye tana kiran mamanta. Abin da na lura da shi, ba gudu suke yi su yi nisa ba. Duk abin da ya fi ƙasa tsawo shi suke hawa, katanga, darbejiya, tarin bulo, har kurar mai ruwa.

Madam ta tattaro su da ƙyar tana kiran suna ɗaya-ɗaya. Sai ta tsaya ta ce, "Ina Rifkatu?"

Muka shiga ajin. Babu kowa sai takalma da littattafai a warwatse. Can na ji numfashi a sama da kaina. Yarinya ce siririya, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta bi ƙarfen taga ta hau, ta kama katakon da ke ɗauke da rufi, ta zauna a kansa can kusa da doro, kanta yana taɓa kwano. Yadda ta kai wurin ba tsani, har yau ban gane ba. Ƙasa siminti ne, ga rana ta fara dukan kwanon.

Madam ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta koma lallashi. Yarinya ko kallonta ba ta yi ba. Na jingina tsani na hau a hankali. Ina isa kusa ta cafke wuyan hannuna. Na yi aiki da maza masu saɓa buhun siminti kamar wasa, ban taɓa jin riƙo irin wannan ba.

Ta ce, "Baba, hau sama. Kar ka sauka. Ruwa yana zuwa."

Na ce, "Babu ruwa, 'yata. Ni ne na zuba da bokiti. Duba ƙasa, a bushe yake."

Ba ta duba ba. Ta ce, "Kar ka sake hannu. Ka ji? Kar ka sake."

Gumi yana zuba mata, leɓɓanta sun bushe. Na san in ta ƙara rabin awa a wannan zafin jiri zai ɗauke ta, in kuma na fizgo ta mu biyu za mu faɗo. Na ce mata zan buɗe mata sama ta gani da idonta. Sai da Madam ta tattare zanenta ta hau tsanin ta ba ta nata hannun, sannan ta sake ni. Na fita na hau ta waje, na sa ƙahon guduma a ƙarƙashin hular ƙusa. Kun san sabon kwano in an zare masa ƙusa ya tashi aiki, amma wa yake ta kwano. A hankali nake zarewa kada ya yi ƙara. Na ɗaga fallen na zame shi gefe, haske ya faɗo a kanta. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama, shuɗiya tas, har da shirwa tana shawagi. Sannan ta miƙo mini hannu. Ta sama na fito da ita muka sauko ta waje, don ta ƙi yarda ta taka ƙasan ajin. Shatin farcenta ya fi mako a hannuna.

Washegari bayan an tashi na zo na canza fallen. Madam ta ce rabin 'yan ajin ne kawai suka zo. Bayan kwana uku wasu suka dawo, Rifkatu ba ta dawo ba. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In je rumfa in ɗauki zarto in ajiye, in tari keke in koma Demsawo in leƙa aji, in dawo in sake ɗaukar zarton. Kunya nake ji da haushin kaina, ni da nake cika baki na san yara. Da haushin ya yi yawa sai na nemi wanda zan ɗora wa.

Na ce wa Madam, "Shin babu shagwaɓa a wannan abu? Ambaliya ta wuce wata nawa yanzu. Mu da muna yara…"

Ta katse ni. "Bappa, don Allah. Kai ma ka ga idon yarinyar nan."

Ta ce tun da aka kawo mata su take fama. In hadari ya haɗo babu mai jin malami, duk ido yana taga. Waɗansu a aji suke barci don mafarki ba ya barin su su yi a gida. Yaron da a da ko musu ba ya yi ya koma dukan kowa. Rifkatu ita ce kan gaba a lissafi a tsohuwar makarantarsu, yanzu sai ta riƙe biro ta yi awa tana kallon layi ɗaya. Akwai wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa musu jefi-jefi, ta ce ciwo ne sananne, har suna gare shi a asibiti. Abin ya wuce, amma jikin yaron bai yarda ya wuce ba, ƙara kaɗan ko wani wari sai ya mayar da shi cikin ranar. Bulala ba ta maganinsa, cewa ya manta ma ba ya yi.

Madam ta ce, "Na san duk wannan, kuma da bakina na ce ka zuba. In yarinyar nan ba ta zauna jarrabawa ba, shi ke nan. Kakarta ce take riƙe ta, ba za ta iya bari ta maimaita shekara ba. Talla za ta koma."

Na nemi gidan su Rifkatu. Sun koma bakin kogi, don ba su da wani wurin. Ina shiga lungun na gane ɗakin tun daga nesa. Lanƙwasa bakin kwano ta gefe a buga ƙusa biyu a kusurwa, babu mai yin haka sai wanda ya fito daga hannun Oga Yakubu. Kakar tana tsintar wake a ƙofa. Tsohuwa ce daga cikin waɗanda suka gudo daga duwatsun arewa, Hausarta ta kasuwa ce.

Ta ce, "Sannu, mai kwano. Na gane ka. Kai ne ka rufa mana wannan lokacin da mun zo."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ni ne kuma na firgita jikarki. Haƙuri na zo bayarwa."

Ta ce, "Ba laifinka ba. Yarinya ba ya barci tun ranar ruwa. Fasto ya zo ya yi addu'a, maƙwabcinmu Modibbo ma ya yi nasa."

Ta nuna rufin da haɓa, ta ba ni labarin ba ta daina tsintar waken ba. Ranar ambaliya ita tana kasuwa a kan tudu, ruwa ya tare hanya. Rifkatu da ƙanenta Iliya, ɗan shekara biyar, su kaɗai ne a gida. Rifkatu ta ɗora shi a kan duro ta tura shi sama, ita ma ta hau. Suka kwanta a kan kwano ana ta ruwa, hannunta ɗaya riƙe da shi, ɗayan yana lalubar abin kamawa. Babu. Kwano ne sumul daga doro har baki. Suna zamewa kaɗan-kaɗan, tana tokarewa da ƙafa, suna zamewa. Da mai kwalekwale ya iso ita kaɗai ya samu, yatsunta a maƙale a hular ƙusa.

Tsohuwar ta ce, "Aikinka mai kyau ne, mai kwano. Bai faɗi ba, bai yoyo ba. Santsi ne kawai."

Duk rayuwata abin da nake koyo ke nan, yadda zan yi rufin da babu abin da zai tsaya a kansa, kuma na iya.

Rifkatu tana bakin ƙofa tana jin mu. Don in yi magana kawai, na ce mata zan saka wa ajinsu silin mai kauri, ƙarar za ta ragu, ba ma za ta san ana ruwa ba. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Ni ina so in ji in ya fara. Baba, in ya sake zuwa muna makaranta, me za mu riƙe a sama?"

Daga nan ban koma rumfa ba, wurin mai walda na wuce. Na ce fayif nake so mai kauri, tsawon aji, da gajerun ƙafafu na ƙarfe da za su zauna a doro, yadda hannun yaro zai shiga ta ƙarƙashi ya kama. Ya dube ni ya ce, "Bappa, wetin be dis? Rufi ne ko motar kaya?" Na ce ya yi abin da na ce ya bar surutu. Matsalar ita ce dole a huda kwano a doro, abin da Oga Yakubu da yana raye zai mare ni a kansa. Kwana biyu ina gwadawa a kan tsohon falle. Noti ya ratsa kwano ya shiga katako ya fito ta ƙasa, robar tayar mota sama da ƙasa, kwalta a kai. Na farko ya yi yoyo, na biyu ya yi, na uku ya riƙe. Madam ta tambayi ma'aikaciyar lafiyar, ta ce a yi, amma kada a tilasta wa kowa, kuma duk abin da za a yi a fara gaya wa yara. Silin kuwa aka bar shi tukuna. Bayan an tashi makaranta na hau na ɗaure fayif ɗin a doron ajin.

Ranar Juma'a kakar ta kawo ta. Ta ƙi shiga aji, ta tsaya a gindin tsani. Na hau gaba ta biyo ni, Madam tana ƙasa tana ta kiran sunan Allah. Da muka kai doro ta kama fayif ɗin da hannu ɗaya ta ja. Ta sa hannu biyu ta ja da dukan ƙarfinta, ta girgiza, ta saki ƙafafunta ta bar nauyinta a kai. Sannan ta riƙe da hagu, ta miƙo mini dama, ta ce in kama in ja ta ƙasa kamar ni ne nake zamewa. Na ja kaɗan.

Ta ce, "Da ƙarfi. Ya fi haka nauyi."

Na ja da gaske. Ba ta motsa ba, ni ma ban je ko'ina ba. Ta daɗe a haka, sannan ta fashe da kuka, irin wanda kakarta ta ce ba ta yi ba ko ranar da aka binne Iliya. Ni ma idona ya kawo ruwa, na juya fuska wajen kogi.

Saura gwaji, don na huda kwano, doka kuwa doka ce. Wannan karon na shiga ajin na tsaya gaban allo, ni da ban taɓa zama a bencin boko ba. Na ce zan zuba bokiti uku, mai son fita ya fita ya kalla daga waje, mai son zama ya zauna ya ƙirga. Rabi suka fita. Rifkatu ta ce ita za ta zuba na farko. Muka sake hawa, ta zuba a hankali, hannu ɗaya a fayif, tana sauraron ƙarar da ita ta yi da kanta. Na biyu da na uku ta sauka ta shiga ciki. Ba ta zauna a benci ba, a kan tebur ta hau ta naɗe ƙafa, ta aiko a ce mini in zuba. Ina jin muryoyinsu ta ƙarƙashin ƙafata suna cewa biyu, suna cewa uku, muryoyin suna rawa. Ko ɗigo bai sauka ba.

Kada ku je ku ce Bappa Hammadu ya warkar da yarinya da ƙarfe. Ba haka ba ne. Ma'aikaciyar lafiyar ta ci gaba da zama da su, Madam ta ci gaba da fama, kuma akwai yara biyu da ba su sake dawowa ajin ba, har yau ban san inda suke ba. Rifkatu ma wata rana ta zo, wata rana ba ta zo ba.

Ranar jarrabawa hadari ya haɗo tun hantsi, aka tsuge da ruwa na gaske. Ina rumfa na kasa zama. Na tari keke cikin ruwan na je na tsaya a bakin katangar makarantar kamar ɓarawo, rigata sharkaf. Ta taga na hango ta a layi na biyu. Ta daina rubutu. Hannunta na hagu ya damƙe gefen tebur, kanta a sama, tana kallon daidai inda notin fayif ya fito ta ƙarƙashin katako. Kwano yana ta ruri a kansu. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba, ni dai na san na karanta duk addu'ar da na iya. Sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da rubutu. Tana sakandare yanzu, kakarta ta ce har yau in hadari ya haɗo ba ta cin abinci.

To kun ji. Gidan nan da muke rufewa a kwari yake, kuma da muka shigo na ga yara uku a tsakar gida. Kai, ɗauki fayif ɗin. Kai, ga roba, ga kwalta. Kafin a zuba ruwa ni zan yi sallama in gaya wa yaran da bakina. In kun gama ɗaurewa kuma kada wani ya leƙo ya ce mini ya yi. Ɗaya ya kama ƙarfen da hannu guda, ɗaya ya kama ɗayan hannun ya ja shi ƙasa. Ku ja da gaske. Yaro ɗan shekara biyar ya fi yadda kuke tsammani nauyi.